Wai ciwon sanyin nan a bayi ake kwasarsa ne ko kuwa?

Maman Ilham:
Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema, abin ya ishe ni wlh. Tun bayan haihuwar Ilham, yanzu shekararta biyu da wata uku, nake fama da ƙaiƙayin gaba, ya lafa sati biyu uku ya dawo, ga wani farin abu mai kauri yana fita kamar an marmashe awara, ba ya wari kam amma ƙaiƙayin nan in ya motsa cikin dare har kuka nake yi, in zan yi fitsari kuma wajen ya ɗau zafi saboda na sosa ya yi jajur. Ampiclox na sha ya fi kati goma, na sha Flagyl, mai kemis ɗin layinmu ya yi min allurai biyar wai na sanyi, na sha jiƙe-jiƙe kala-kala, ina tsarki da ruwan ɗumi ina ɗiga Dettol a ciki, bayina kuwa sau biyu nake wanke shi kullum amma shiru kake ji. Jiya har maigida ya ce min ko dai tsafta ce ba na yi, maganar nan ta tsaya min a rai har yanzu. Wace ta taɓa yin irinsa ta rabu da shi?

Ummu Sudais:
Allah sarki, sannu Maman Ilham. Infekshan ɗin tolet ne wannan, kina shiga bayin haya ne ko na kasuwa? Ni a makarantar kwana na kwaso nawa

Maman Ilham:
Wlh bayina ni kaɗai ce da yarana, ko abokiyar zamana nata daban

Hajiya Mai Kayan Mata:
Sanyi ne ya kama ki yar uwa ya shiga jini, shi kuma sanyi asibiti basu da maganinsa sai dai su danne miki shi. Ki min magana ta inbos akwai hadi na sha da na matsi da na zama, sati daya kin manta da shi in sha Allah

Sista Bilki:
Maman Ilham sannu da jiki. Kafin ki sayi komai dan Allah ki tsaya ki karanta. Ni a ɗakin awo nake aiki, kusan kullum sai mun ga mai irin wannan. Yadda kika siffanta shi, fari mai kauri, ba wari, ƙaiƙayi mai tsanani, ya fi kama da abin da muke kira kandida. Ban ce tabbas shi ne ba tunda ban duba ki ba, amma alamunsa ke nan. Ita kandida ba daga bayi ake ɗauko ta ba. Dama can tana jikinmu, a baki, a hanji, a fata, a gaban mace, tana zaune lafiya lau ba ta damun kowa. Dangin yis ce, wato 'yar gidan su funfuna, ba irin ƙwayar cutar da antibayotik ke kashewa ba ce. Abin da ke riƙe ta kar ta yi yawa shi ne wasu ƙwayoyi masu amfani da Allah ya ajiye a gaban mace, laktobasilas, 'yan uwan waɗanda ke sa madara ta yi tsami ta zama nono. Su ke sa wajen ya kasance da ɗan tsami-tsami. To ke duk katin Ampiclox ɗin da kika sha su yake karkashewa, ita kandidar ko gezau, sai ma ta samu fili ta baje. Ruwan Dettol ɗin ma haka, ya kashe masu gadi ya kuma ƙona fatar da dama ta yi rauni. Wato maganin da kike sha yana cikin abin da ke dawo miki da ciwon.

Ummu Sudais:
Sista ban yarda ba gaskiya. To me ya sa ake ce masa infekshan ɗin tolet? Kuma mu a hostel kusan rabin ɗakinmu sun yi, bayi ɗaya muke shiga

Sista Bilki:
Sunan ne kawai ya bi bakin mutane, ko a littafin koyon aikinmu babu wata cuta mai wannan sunan. Ku tuna rayuwar hostel ɗin mana, wando ɗaya na roba tun safe har dare, a wanke shi a shanya a cikin ɗaki a ƙarƙashin tawul dan kar a gani, a saka shi da danshinsa, ga zafi ga gumi, in an yi ɗan zazzaɓi a ba ku antibayotik. Kuma a ƙiyasin da likitoci ke yi mata 3 cikin 4 sai sun yi kandida aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu, to in rabin ɗaki sun yi ai ba abin mamaki ba ne. Ban ce a zauna da bayi da ƙazanta ba fa, ƙazamin bayi yana kawo gudawa da taifot da tsutsar ciki, amma wannan ɗin ba laifinsa ba ne.

Gwaggo Asabe:
Ni dai abin da na sani mu da muna yara zani ake ɗaurawa iska na shiga, ba mu san wannan masifar ba. Yanzu ko an saka wando an ɗora tayit an ɗora siket an ɗora hijabi har ƙasa a watan Afrilu, ina jiki zai sha iska

Maman Twins:
Hhhh Gwaggo kun sani mana, ba a dai faɗa ne a lokacinku

Gwaggo Asabe:
Ke dai bari 'yar nan, da ɗan gaskiyarki. Amma maganar iska tana nan

Zee Lab:
Gwaggo ta yi gaskiya ta wani ɓangaren, ɗumi da danshi su ne abincinta. Ni a lab nake, in aka kawo suwab, wato audugar da aka dangwalo ruwan gaban mace da ita, muka shafa a gilashi muka saka a madubin ƙara girma ana ganinsu ƙuru-ƙuru, 'yan ƙwai-ƙwai suna tsiro da 'ya'ya a gefe, wasu sun miƙe kamar zare. Wadda ta fi yawa sunanta kandida albikans. Abin da nake so mata su gane shi ne kalmar "sanyi" ɗin nan buhu ce, an zuba cututtuka wajen biyar a ciki an ɗaure baki. Akwai kandida, ita ce mai ƙaiƙayi da farin abu mai kauri. Akwai wanda ruwan yake tsinkakke fari-fari ko ruwan toka yana ƙarni kamar kifi musamman bayan an sadu ko bayan al'ada, wannan bakteriya ne suka rikice, shi ne Flagyl ke yi wa aiki. Akwai tirikomonas, ruwa mai kumfa ɗorawa-ɗorawa ko kore-kore, shi ta saduwa ake ɗauka. Sai gonoriya da kilamidiya waɗanda sau da yawa ma mace ba ta jin komai suna can suna ɓarna. Sai kuma ciwon mafitsara. Kowanne maganinsa daban, to ta yaya kwalba ɗaya ko allura ɗaya za ta yi maganin duka?

Hajiya Mai Kayan Mata:
Ku yan boko komai sai kun raina. Iyayenmu da bagaruwa da lalle da kanumfari suka rayu suka haifi goma goma. Ni shekarata tara ina wannan sana'ar, matan manya ma suna saya a wajena, da baya aiki ai da basu dawo ba

Maman Twins:
Hajiya dawowar da suke yi ɗin ma ai abin dubawa ne 😂

Hajiya Mai Kayan Mata:
Maman Twins bana son rashin kunya, ban sa dake ba

Admin:
Dan Allah a yi muhawara cikin mutunci. Hajiya kuma talla ranar Juma'a ce kin sani.

Sista Bilki:
Hajiya wlh ba raini ba ne, ni kaina da ruwan bagaruwa na yi zama bayan haihuwata ta fari, mahaifiyata ce ta dafa min. Zama a ruwan ɗumi daga waje wani abu ne, cusa abu ciki wani abu ne daban. Abin da idona ya gani ne yake sa ni magana. Na ga wadda ta cusa tafarnuwa wajen ya saɓule, na ga mai alif, na ga mai farin miski da ta kumbura ta kasa zama, na ga wadda muka ciro wani dunƙulen ganye da ya kwana huɗu a ciki. Cikin gaban mace shi yake wanke kansa, ba ya son sabulu ba ya son turare ba ya son a sa yatsa ana ƙwaƙulo shi. Ki wanke waje da ruwa zalla, daga gaba zuwa baya, ki tsane da tsumma mai tsafta, shi ke nan. Kuma ɗan farin ruwa ko mai yauƙi da ba ya wari ba ya ƙaiƙayi lafiya ce ba ciwo ba, mata da yawa lafiyarsu suke yi wa magani har su jawo wa kansu ciwon.

Nana ta Maradi:
Sannunku da hira. Mu nan in ka tafi likita ovil suke rubuta ma, wanda ake sakawa da dare in za a kwana, ka saye a farmasi. Ni sa'adda nike da ciki na ukku na yi shi sosai, sai ungozoma ta ce mini cikin ne ke kawo shi. Kwana bakwai na yi ina sakawa ya wuce. Amma ta hana ni shan na haɗiya, ban tambaye ta dalili ba

Sista Bilki:
Ta yi daidai Nana. Ciki yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da kandida saboda sinadarin istirojin da ke ƙaruwa, shi ya sa ma wasu ke jin ƙaiƙayin ya fi tsanani satin da al'ada za ta zo. Maganinta iri biyu ne. Akwai na sakawa, kilotirimazol, da yawa sun fi saninsa da Canesten, akwai na dare ɗaya mai 500, na dare uku mai 200, na dare shida mai 100, da man shafawa na waje. Akwai na haɗiya, fulkonazol 150, ƙwaya ɗaya tak. Mai ciki ba a so ta sha na haɗiyar saboda abin da ke cikinta, na sakawa ake ba ta na kwana bakwai. Sannan masu tazarar haihuwa da kwaroron roba su sani man nan da na sakawar suna iya raunana robar ta fashe.

Maman Ilham:
Sista to in je in sayi fulkonazol ɗin kawai? Na gaji wlh

Sista Bilki:
A'a, ke naki ya wuce na saye a kemis. Wadda ya zo mata sau ɗaya ta san shi, wannan daban. Amma wadda yake dawo mata sau huɗu ko fiye a shekara, tambayar ita ce me yake dawo da shi. Bari in tambaye ki, kina yawan jin ƙishirwa? Kina tashi fitsari cikin dare sau nawa? Ilham kilo nawa aka haife ta? Akwai mai ciwon suga a gidanku? Kina shafa man ƙara haske?

Maman Ilham:
Ikon Allah. Ruwa kam ina sha kamar raƙumi, na ɗauka zafi ne. Fitsari sau uku wani lokacin huɗu. Ilham 4.3 aka haife ta har sai da aka ƙara ni. Babanmu yana da suga. Mai kuma na daina tun ina da cikinta

Sista Bilki:
To gobe da safe kar ki ci komai kar ki sha shayi, ki je asibiti ki ce a gwada miki suga, sannan ki ga likitan mata a ɗauki suwab. Kar ki saka komai a wajen yau da dare kar ki wanke ciki, dan kar gwajin ya fito ba daidai ba. In suga ya yi yawa a jini yana fita har a fitsari da danshin jiki, ita kuma yis kin san abin da take yi in ta samu suga, duk mai kwaɓa fanke ta sani. Mata da yawa ta hanyar ƙaiƙayin nan aka gano suna da ciwon suga. Ana kuma duba ƙanjamau in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kar ki ji haushi in sun ce za su gwada, ƙa'idar aiki ce ga kowa.

Ummu Sudais:
To tunda yis ce sai mu daina cin burodi da fanke ke nan?

Zee Lab:
Hhh a'a, yis ɗin burodi daban kandida daban, dangi ne kawai, kuma wuta ta riga ta kashe na burodin. Dangin nan suna da yawa fa, ƙyasbi ma wata irin yis ce ta fata ke kawo shi, makero kuma wani reshen ne daban. Har a cikin kandidar akwai masu taurin kai, akwai gilabrata da sau da yawa fulkonazol ba ya yi mata, shi ya sa muke cewa a yi gwaji a san wacce ce. Akwai ma wata auris da aka fara ganowa a Japan a 2009 a kunnen wata majinyaciya, ita a asibitoci take addabar marasa lafiya masu jin jiki sosai tana shiga jini, magunguna da yawa ba sa kama ta. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta ita da albikans a sahun farko na masu haɗari cikin dangin nan. Ba dan in tsorata kowa na faɗa ba, mai lafiya ƙaiƙayin gaba ba zai shiga mata jini ba, amma shan magani barkatai shi ke koya musu jure magani.

Boyayyiya:
Dan Allah ku yi haƙuri da tambayata, ni ban yi aure ba shekarata 19 kuma ina da duk alamun nan, wata biyar ina ɓoyewa ko Mama ban faɗa wa ba kar ta zarge ni. Wlh ban taɓa yin komai ba

Gwaggo Asabe:
Allah sarki 'yata, je ki faɗa wa uwarki, in kina jin nauyi ki nuna mata wannan hirar ta karanta da kanta

Sista Bilki:
Ƙanwata kwantar da hankalinki, kandida ba ruwanta da aure ko saduwa, budurwa tana yi sosai. Kuma in na sakawa ne kike tsoro ki faɗa wa likita ba ki yi aure ba, akwai na haɗiya akwai na shafawa a waje. Wata biyar ya yi yawa, ki je satin nan. Inda ba a cika ganinta ba shi ne yarinyar da ba ta balaga ba da matar da al'ada ta ɗauke mata. Ƙaramar yarinya in tana susa a fara zargin tsutsar ciki ko sabulu, dattijuwa kuma a kai ta a duba, kar a ce sanyi ne a yi ta ba ta jiƙo.

Maman Twins:
Tambayar da kowa ke jin kunyar yi bari ni in yi. Maigida fa? Da abokiyar zama? Dan mu a gidanmu duk wadda ta fara susa sai a ce ɗayar ce ta aiko mata ta hannun mai gidan, an sha rigima a kan wannan

Sista Bilki:
In kandida ce ba a lissafa ta cikin cututtukan saduwa, ba sai an yi wa miji magani ba sai in shi ma yana jin ƙaiƙayi ko kan gabansa ya yi ja, shi ma mai ake ba shi ya shafa, kuma masu kaciya ba su cika yi ba. A dai ɗaga ƙafa har wajen ya warke dan gogayya tana ƙara zafin. Amma in gwaji ya nuna tirikomonas ko gonoriya ko kilamidiya, to nan gida gaba ɗaya ne, shi da duk matansa a lokaci guda, in ba haka ba zagaye zai yi ta yi. Kun ga amfanin gwaji ke nan, kafin a zagi baiwar Allah a banza.

Ummu Sudais:
Ni babban tsorona ance sanyi yana hana haihuwa

Zee Lab:
Kandida ba ta hana haihuwa, ba ta hawa mahaifa. Masu toshe hanyar ƙwai su ne gonoriya da kilamidiya in suka hau sama aka bar su. Shi ya sa in akwai ciwon mara, zazzaɓi, ruwa mai wari, ƙuraje ko gyambo a wajen, ko ganin jini bayan saduwa, wannan ba maganar Canesten ba ce, asibiti kai tsaye.

Nana ta Maradi:
To farin nan da ke hitowa ga halshen jinjiri shi ma ita ce? Ɗiyar ƙanwata na da shi, tsohuwarmu ta ce a goge da tsumma a shafa zuma

Sista Bilki:
In an goga a hankali ya fita, nono ne. In ya manne a harshe da cikin kumatu, in an matsa wajen ya yi ja ko jini, kandida ce. Kar a kankare, kuma dan Allah kar a ba jaririn da bai shekara ba zuma, tana iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye jikin jariri. Akwai na ɗigawa a baki, nistatin. Uwar ma a duba kan nononta in yana mata zafi ko ya yi ja, dan suna iya yi ta miƙa wa juna. Kandidar ce dai ke sa jan ƙurajen famfas masu 'yan ɗige-ɗige a gefe, ita ce a ƙasan nono da matsematsin masu jiki lokacin zafi. Masu asma da ke shaƙar inhela mai sitiroyid, wato sinadarin da ke kwantar da kumburi, su ma su dinga kurkure baki bayan sun shaƙa. Abin da ya sa na tambayi Maman Ilham man haske ke nan, da yawansu akwai sitiroyid a ciki, yana kwantar da garkuwar fata. Haka man nan mai haɗi uku da ake ba kowa a kemis har ana shafa wa jarirai, ƙaiƙayin zai lafa kwana biyu ki ce kin samu magani, ashe sitiroyid ɗin ne ya rufe shi.

Maman Ilham:
Slm 'yan uwa na dawo, ku yi haƙuri kwana biyar shiru. Na je. Suga na 9.2 ban ci komai ba, likita ya ce daga 7 ne ake cewa akwai, aka sake wani gwajin washegari ya tabbata. Suwab kuma kandida ce kamar yadda Sista ta ce. Na yi kuka a wajen ba zan ɓoye ba, shekarata 31 fa. Sun ɗora ni a kan maganin suga, sun ba ni na kandidar, ya ce in ta ci gaba da dawowa akwai tsarin da ake shan ƙwaya ɗaya duk sati har wata shida amma mu fara saukar da sugan tukuna. Yau kwana uku na yi barci har asuba ban sosa ba. Takardar na ajiye wa maigida a kan filo ban ce masa komai ba, da ya karanta sai ya ce to ai ba ki faɗa min abin haka yake ba, na ce ai cewa ka yi ba na tsafta. Bai ce komai ba amma da safe shi ya je ya sayo min na'urar gwajin.

Gwaggo Asabe:
Alhamdulillahi. Allah ya ba ki lafiya, ki riƙe maganinki, a rage lemon kwalba

Sista Bilki:
Masha Allah, na ji daɗi da kika je. Kar ki fasa ranar komawa ko kin ji garau. Jiƙe-jiƙen da kika ce kina sha, akwai tsumi a ciki?

Maman Ilham:
Kullum kofi ɗaya safe da dare, na rake da mazarƙwaila 🙈

Sista Bilki:
Innalillahi. Ki kyautar da shi yau ɗin nan

Hajiya Mai Kayan Mata:
Allah ya kara sauki Maman Ilham, gaskiya wannan na asibiti ne ban musa ba. Amma akwai tsumin da nake yi na masu suga babu mazarkwaila ko kadan, dabino ne zalla da zuma

Sista Bilki:
Hajiya dabinon da zumar fa?

Admin:
Hajiya yau Talata.